Tazara Ɗaya a Kan Falalen Dutse

Shekarun baya, ban daɗe da tattaro komatsaina na dawo Birnin Gwari ba, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, sannan dariya ta biyo baya. Masu bibiyata a nan kun sha tambayata me ya sa nake da fitina a kan raba kalmomi, har nake bin sharhin mutane ina mayar musu da "yazo" zuwa "ya zo". To, ga mafarin abin.

Ni ɗan maɗaba'a ne. A Zariya na koyi jera haruffan dalma tun ina saurayi. Aikin ya kai ni Hartum, ya kai ni Jidda, na yi shekaru a Yamai, daga baya aka tura ni Jamus koyon sababbin injuna. Duk inda na sauka sai na tsinci harshen wurin, don ba ka iya jera rubutun da ba ka ji. A zamanin dalma, tazarar da ke tsakanin kalma da kalma ba iska ba ce. Wani ɗan guntun ƙarfe ne marar harafi, ka ɗauko shi daga akwati ka cusa da yatsa. Yana da nauyi, kuma in ya ƙare maka aiki ya tsaya. Shi ya sa na tashi da ƙaunar rubutu mai sarari, wanda ido zai shiga ya fita bai yi tuntuɓe ba.

Da kwamfuta ta zo ta kashe dalma ban yi fushi da ita ba, na bi ta. Da furfurata na koyi haɗa shafin intanet. Ga wanda bai sani ba, shafi yana da rubutu iri biyu a bayansa da mai karatu ba ya gani. Akwai HTML, shi ne ginin: nan kanun labari, nan sakin layi, nan hoto. Akwai kuma CSS, shi ne ado: launi, girman harafi, inda kowane abu zai zauna. Duka biyun ana ce musu kod. Ni kuwa kod ɗina abin kallo ne. Kowane abu da layinsa, kowane layi da ɗan shigarsa ciki, ga bayanai da nake bar wa kaina a tsakani, wani da Hausa, wani da Faransanci, in raina ya yi daɗi har da Jamusanci.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, mutumin Gbagyi ne, Kirista, manomi. Ni na zaga duniya, shi bai taɓa kwana nesa da gonarsa ba sai da dalili. A lokacin shi ne shugaban wata ƙungiyar manoma ta ƙauyukan da ke kewaye da mu. Wata rana ya same ni a zaure ina danne-danne, ya zauna, ya daɗe yana kallona.

"Alhajin Jamus, wannan abin da kake yi, yana da amfani ko dai tsufa ne?"

"Ya fi gonarka amfani," na ce.

"To ka nuna mini."

Sai ya zayyana mini damuwarsa. Taki da iri da maganin feshi na ƙungiya a cikin gari ake sauke su, amma ba wanda ya san ranar da za su iso. Kiran waya a ƙauyukan bakin daji ba ya shiga sai an yi sa'a, saƙon baki kuma kafin ya kai ya canza kama. Don haka mutum sai ya hau babur daga Kakangi ko daga gefen dajin Kamuku, ya biyo hanyar nan da dukanmu muka san halinta, ya zo ya tambaya, a ce masa bai iso ba, ya juya. A daminar da ta wuce, wani ɗan ƙungiyarsu ya yi irin wannan tafiyar, bai sake ganin gidansa ba sai bayan watanni. Abokina ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙasa.

"Wuri ɗaya nake so," in ji shi, "wanda mutum zai duba a wayarsa ya ga: taso, ko kada ka taso. Shi ke nan."

Wallahi ji na yi kamar an mayar da ni shekara ashirin. Na ce masa ya ba ni 'yan kwanaki.

Na zauna na gina shafi irin na gidan sarauta. Na aro wani katafaren CSS da Turawa suka rubuta, mai ado iri-iri. Na sa haruffa masu kyau da sai an sauko da su daga wani wuri. A saman shafin na liƙa hotonmu ni da shi a gaban masararsa, na sha babbar riga, kai ka ce ni na yi noman. A zaurena, inda sabis yake da ƙarfi, yana buɗewa garau. Abokina ya gani, ya yi ta tafa hannu, ya tafi ya shaida wa 'yan kwamitinsa cewa an gama, har ya sa ranar taro a Gayam don kowa ya gwada a wayarsa. In ya buɗe, ƙungiya ta karɓa. In bai buɗe ba, a bar maganar, a koma hawan babur.

Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo, fuska ba walwala.

"Alhaji, na gwada abin naka a gona. Wani ɗan zobe ne ke ta juyawa. Na ci tuwo, na wanke hannu, na yi hira da maƙwabcina, yana nan yana juyawa. Da ya ga dama sai ya nuno mini hularka kawai."

"Hulata?"

"Saman hoton. Hularka da rabin goshinka. Daga nan ya tsaya."

Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce akwai waɗanda tun farko suke cewa wasan 'yan birni ne, kuma ya riga ya sa bakinsa a gaban mutane.

Na kira wata tsohuwar abokiyar aikina ta Yamai, wadda ta riga ni shiga harkar shafuka. Muka gaisa da Faransanci kamar yadda muka saba, na tura mata kod ɗin. Da ta kira ni dariya take har tana tari.

"Alhaji, mutane sun ce ka aika musu da saƙo, kai kuma ka ɗora musu gida da katangarsa. Wane ne zai karanta bayaninka na Jamusanci a cikin daji?"

Ta ce in cire hoton, in tsaya a kan haruffan da waya take da su, in yanke duk adon da na aro ban yi amfani da shi ba. Na ce to, ko da yake hoton ya yi mini ciwo. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ta ce kod riga biyu gare shi: ta zaman gida da ta tafiya. Ta zaman gida ita ce irin tawa, mai sarari, don mutum ya karanta ya gyara. Ta tafiya kuwa, akwai manhajoji da za ka zuba musu kod su kwashe duk tazara, duk karyar layi, duk bayanan da ka bar wa kanka, su bar abin da waya take buƙata kaɗai. Waya ba ruwanta da kyan tsari, amma kowace tazara sai an ɗauko ta ta cikin sabis kamar yadda ake ɗauko harafi. In kana son gyara, akwai wata manhajar da za ta sake warware maka shi layi-layi.

Na samo irin wannan manhajar a intanet, na zuba kod ɗina, na danna. Jama'a! Rubutun da ya cika fuskar kwamfuta ina ta gangarawa, sai ga shi ya dunƙule ya zama layi ɗaya tal, dogo, ba numfashi. Na buɗe shafin, yana nan yadda yake. Na warware, ya dawo. Na matse, ya dunƙule. Na yi ta yi kamar yaron da aka saya wa sabon abin wasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne na san wannan dabarar tun da daɗewa, ban dai gane ta a wannan rigar ba. A Hartum mun buga jaridu da Larabci ba wasali ko ɗaya, mai karatu shi ke cikawa da kansa, takarda ta ragu. Jamusawa kuwa sai su ɗauki kalma uku ko huɗu su manne su wuri ɗaya, ka ga kalma doguwa kamar jirgin ƙasa, kuma ba wanda ya ɓata. Faransawa ne nasu ya sha bamban, su rubuta haruffa rututu a ƙarshen kalma su ƙi furta su. Na ce a raina da za a zuba Faransanci a wannan manhajar da rabinsa ya tafi. Ko fataken goro da na gani a Yamai, yadda suke danne huhu har ba inda iska za ta shiga, ai wannan ne.

Na ƙwala wa mai ɗakina kira. "Hajiya, zo ki ga ikon Allah!"

Ta zo da ludayi a hannu, ta leƙa. "Tururuwa ce ta bi layi?"

"Shafin ne gaba ɗaya! Duba, layi ɗaya!"

"To madalla. In tururuwar ta gama wucewa, abincinka na hucewa."

Da safiyar ranar taro abokina ya kira ni da labari na gaske, ya ce in sa a shafin don mutane su ga amfaninsa nan take. Taki ya iso gari. Direban motar ya yarda zai kai Gayam, amma ya ƙi zuwa Kakangi don rafi ya cika, sai in ruwan ya janye. Ni kuma a lokacin zazzaɓin ragewa ya kama ni, komai so nake ya gajarce. Na sa kanu: "Direban motar taki". A ƙarƙashi na rubuta: "Gayam: ya yarda. Kakangi: ya ƙi." Don ido ya kama da sauri, na ba "yarda" launin kore, na ba "ƙi" launin ja. Bisa al'adata, duk kalmar da na yi wa launi sai na sauko da ita layinta daban a cikin kod. Na matse, na ɗora, na leƙa a gurguje na ga kore da ja suna nan, na saɓa jakar kwamfuta muka kama hanya.

A bayan Gayam akwai wani falalen dutse inda mutane suke hawa neman sabis, nan aka yi taron, don a gwada abin a inda za a riƙa amfani da shi. Maza da mata sun zo, Musulmi da Kirista, Hausa da Gbagyi na ta gauraya a iska, ga wasu Fulani makiyaya biyu sun tsaya kallo. Wayoyin kuwa duk ƙanana ne, wasu fuskar ta tsage, wata an ɗaure ta da roba. Abokina ya yi bayani, ya karanto musu adireshin shafin, kowa ya sunkuya. Ni ina tsaye a gefe ina jiran sakamako, kamar ranar da na fara jera shafi a gaban maigidana na Zariya.

Wata mata ce ta fara ɗaga kai. "Ya buɗe!"

"Nawa ma!"

"Kai! Har ya fito?"

Dutsen ya kaure da hayaniya. Abokina ya kama hannuna yana girgizawa kamar zai cire shi, yana cewa, "Alhajin Jamus! Ashe ba tsufa ba ne!" Ni kuwa har na fara shirya ɗan jawabin da zan yi a kan Larabci da huhun goro.

Sai na ji wata murya daga baya. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Wani magidanci ne daga Kakangi, dogo, ya miƙe tsaye, wayarsa a hannu. A ƙaramar fuskar wayar tasa kanun ya haye sama, abin da ke gabansa layi ɗaya ne, ya karanto shi da ƙarfi: "Kakangi: yaƙi."

Ban taɓa ganin murna ta mutu da sauri haka ba. Matan suka fara salati, wata na kiran sunan Yesu. Mutanen Kakangi uku suka yi wajen baburansu. Shi dogon ya riga ya sauka daga dutsen, yana cewa, "Iyalina na can, na bar yara a gida!"

Na fizgi wayar da ke kusa da ni na duba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: yaƙi, rabinsa da jan launi kamar jini. A samansa kuma "yayarda", wanda ba wanda ya kula da shi. Nan take na gane. A kod ɗina na zaman gida, "ya" na ƙarshen layi, "ƙi" na farkon na gaba, kuma waya takan ɗauki wannan karyar layin a matsayin tazara. Manhajar da na samo ta kwashe karyar layin gaba ɗaya ba ta bar komai a gurbinta ba. Ita ba ta jin Hausa. A wurinta iska ta cire.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafafuna ba sai ranar. Na gangara dutsen nan da babbar riga, jakar kwamfuta na dukan bayana, ina ihu: "Malam! Tsaya! Direba ne! Direba ne ya ƙi! Ya, ƙi! Kalma biyu ce!"

Ya riga ya tayar da babur. Na riƙe kariyar babur ɗin da hannu biyu ina haki. Abokina ya iso, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ɗan'uwa, ni na ba da labarin da bakina. Rafinku ne ya cika, mai mota ya ce ba zai shiga ba. Ba abin da ya faru."

Dogon bai yarda ba sai da ya koma kan dutsen ya yi ta gwada kiran gida. Muka bi shi muna kallonsa. Da kiran ya shiga, muka ji muryar matarsa sama-sama tana cewa lafiya lau, ruwa ne dai ya hana yara zuwa makaranta. Ya zauna a kan dutsen, ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya dube ni.

"Baba Alhaji, da girmanka. Wannan abin naka ai sai ya kashe mutum."

Wani daga cikin waɗanda tun farko ba sa so ya ce, "Mun faɗa. A bar mu da baburanmu." Na ga wasu na gyaɗa kai. Na ga yadda kafaɗun abokina suka sauka.

Na ce a ba ni ɗan lokaci. Na zauna a kan dutsen, na buɗe kwamfuta a cinya, suka kewaye ni. Na nuna musu dogon layin nan, na warware shi a gabansu, ya baje layi-layi, wata mata ta ce, "Kamar ana tsefe kitso." Na nemo wurin, na sa yatsa na nuna musu inda kalmomin biyu suka manne. Na goge gajeren rubutun gaba ɗaya, na rubuta: "Mutanen Kakangi, kada ku taso. Rafi ya cika, mota ba za ta iya shiga ba. Lafiya ake." Adon na matse shi yadda yake, amma maganar mutane na bar ta da tazararta, na bi ta kalma-kalma da ido. Na haɗa da sabis ɗin wayata na ɗora. Da yake abin ba nauyi, ko a kan dutsen nan bai yi gardama ba.

"Ku sake buɗewa," na ce.

Dogon nan shi ya fara. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya sake karantawa. Sannan ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Ni dai ga abin da na gani. Abin nan ya tayar mini da hankali kafin in gama gyara zama. Tunda yana da saurin da zai tsorata ni, yana da saurin da zai hana ni tafiyar banza. Da ba don taron nan ba, gobe da asuba da ina kan hanyar gari neman takin da ba za a ba ni ba." Ya juyo gare ni. "Amma Baba, da sharaɗi. Ka matse maganar injin yadda ka ga dama. Tamu ka bar ta ta sha iska."

Aka fashe da dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro, har da masu share hawaye. Abokina ya ce masu so su ɗaga hannu. Hannun dogon ne ya fara tashi, sauran suka bi, har da mai cewa a bar su da baburansu, ko da yake nasa bai wuce kunnensa ba.

Daga baya na samo manhajar da ta fi waccan hankali, wadda take barin tazara ɗaya a inda ta cire karyar layi. Na kuma ɗauki wata ɗabi'a: in na matse shafi, sai na buɗe shi a 'yar ƙaramar waya irin tasu, na karanta da ƙarfi kamar mai shela, kafin in bar shi ya tafi. Mai ɗakina ta ce maƙwabta sun fara zaton na buɗe gidan rediyo.

Na zauna da mutanen da suke zubar da wasali, na zauna da masu manne kalmomi, kuma kowannensu ya san iya inda harshensa zai jure. Namu yana da wuraren da ba ya jurewa, kuma wuraren ba su da alama. Sai wanda ya san abin da kalma take nufi ga mai karanta ta. A wani gari "yaƙi" kuskuren rubutu ne, a yi murmushi a wuce. A wurinmu mutum ne zai tayar da babur ya nufi daji.

Har yau ina jin daɗin danna maɓallin nan in ga kod ya dunƙule, daɗin bai ragu ba ko kaɗan. Amma ranar da na fi jin daɗi a duk wannan harka ba ranar dutsen ba ce. Wata ranar kasuwa ce a daminar da ta biyo baya, iri ya makara, na sa a shafi cewa bai iso ba. Wajen la'asar abokina ya kira ni daga bakin shagon ƙungiya, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa.

"Alhaji! Tun safe nake zaune a nan. Ba wanda ya zo. Ko mutum ɗaya bai zo ba!"